Yadda Ake Gano Matsalar Gilashi Mai Lantarki na Tsohuwar Mota, a Gyara Shi, a Kuma Kula da Shi

Duk wanda ya saba hawa tsofaffin motoci a garuruwanmu ya san wannan: gilashin ƙofar baya an tokare shi da sukundireba, ko an cusa masa kwalin da aka ninka huɗu, direba kuma tun ba ka gama zama ba yana cewa, "Don Allah kar a taɓa gilashin nan." Motar da ta haura shekara 20, ta sha ranar Afrilu ta sha ƙurar hunturu, dole wata rana gilashinta ya gaji. Abin da ba dole ba shi ne kuɗin da ake zubarwa wajen canza kayan da lafiyarsu ƙalau.

Ni ma na zubar da nawa. Camry ɗina 'yar 1998 ce, wadda dillalai ke kira fensir saboda siraran fitilunta na baya. Wata safiya gilashin gaba na gefen fasinja ya ƙi motsi. Na kai wa wani mai wayarin, ya danna sau biyu, ya kara kunne a jikin ƙofa, ya ce moton da ke ɗaga gilashin ya ƙone. Aka aiki yaro kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ya sayo na Beljiyam, aka ɗaura, gilashi ya hau ya sauka, na biya na tafi. Kwana uku ya sake tsayawa. Dattijon da na kai wa daga baya ko taɓa ƙofar fasinjan bai yi ba. Ya zagayo gefen direba, ya danne makunnin da yatsa, ɗaya hannun kuma yana buɗe ƙofar a hankali yana mayarwa. Ƙofa na kaiwa rabi sai gilashin can ya zabura ya sauka. Ya ce, "Alhaji, motonka na farko ma ba abin da ya same shi. Waya ce ta karye a wuyan ƙofar nan." Da na koma neman tsohon moton aka ce ai yaro ya zubar. Allah kaɗai ya san ƙofar motar wa yake ciki yanzu.

Tun daga ranar nake yin binciken da kaina kafin kowa ya kwance min ƙofa, kuma yawancin gyaran ma ana iya yin sa a ƙofar gida.

Abin da ke cikin ƙofar

Daga makunni wuta ke bin waya zuwa moto. A tsofaffin motoci wayoyi biyu ne kawai ke shiga moton: wuta ta shiga ta wannan ta fita ta waccan, gilashi ya hau; makunni ya juya su, gilashi ya sauka. A bakin moton akwai sandar ƙarfe mai zare irin na kusa, tana juya giyar roba mai tauri. Wannan haɗin ba ya juyuwa da baya, shi ya sa ba ka iya danna lafiyayyen gilashi ƙasa da hannu. A cikin moton kuma akwai ɗan abin kariya da ke yanke wuta idan ya ɗau zafi, ya dawo da ita bayan ya huce. Gilashin da ke tsayawa bayan an yi ta wasa da shi, ya dawo da kansa bayan 'yan mintoci, wannan ne ya yi aikinsa.

Moton yana tuƙa abin da makanikai ke kira injin gilashi, kuma iri biyu ne. Akwai mai almakashi, wato hannayen ƙarfe da ke buɗewa suna rufewa, da wata babbar giya mai siffar yankan kankana. Wannan ƙarfe ne zalla, yakan daɗe, sai dai ya bushe ko ya yi tsatsa. Akwai kuma mai waya, inda siririyar wayar ƙarfe ke naɗuwa a kan ɗan ganga, ta bi ta kan ƙananan tayoyin roba ta ja mariƙin gilashin sama da ƙasa. Irin wannan ne a Golf 3, Golf 4, Peugeot 406 da Accord ta 2003 zuwa 2007. Ba shi da nauyi, amma rabinsa roba ce, roba kuma ba ta shiri da zafin da ke taruwa cikin ƙofar motar da aka ajiye a rana a Sakkwato ko Maiduguri.

Fara da kunne kafin sukundireba

Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama. Abu na farko, kuma kar ka raina shi: duba maɓallin kulle gilasai da ke kusa da makunnan direba. Yaro kan danna shi, gwiwar hannunka ma kan danna shi. A tsofaffin Toyota da Honda da yawa, idan yana kulle ko daga wajen direba gilasan fasinja ba sa amsawa.

Idan duka huɗun ne suka mutu lokaci guda, cire moto daga lissafi, motoci huɗu ba sa ƙonewa rana ɗaya. Nufi akwatin fis, wanda ke ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet. A murfinsa za ka ga inda aka rubuta POWER ko P/W, galibi mai lamba 20, 25 ko 30. In ya yanke, sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kar ka yarda a naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari a ce "zai kai ka gida", domin fis ɗin yana ƙonewa ne don kada wayarin motar ya ƙone. In sabon ma ya yanke nan take, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. In fis lafiya, sai rilen da ke kusa da shi, wato ɗan akwatin da ke buɗe wa gilasan wuta: ciro wani mai kama da shi sak, ka musanya, ka gwada.

Idan gilashi ɗaya ne, gwada shi daga makunnin ƙofarsa da kuma na direba. Ya amsa daga ɗaya ya ƙi daga ɗaya, moto da inji sun fita daga zargi, saura makunni ko wayarsa. Ya ƙi daga duka biyun, sai ka yi wannan dabarar: kashe injin mota, bar makulli a kunne, kunna fitilar rufin mota, ka danna makunnin kana kallon fitilar. Idan haskenta ya ɗan dusashe, wuta tana isa moton, yana ja amma wani abu ya riƙe shi. Idan ko ƙyaftawa ba ta yi ba, kuma ba ka ji komai ba, wutar ba ta isa, ko kuma ta isa ta tarar gawayin moton, wato 'yan baƙaƙen sandunan da ke kai wuta ga ɓangarensa mai juyawa, ba ya taɓawa. Don raba waɗannan biyun, danne makunnin, ka bubbugi jikin ƙofar daidai inda moton yake da tafin hannu. Gilashin da ya tashi da bugu, gawayin motonsa ya kusa ƙarewa. Zai ɗan ƙara kwana, amma ya riga ya faɗa maka inda ciwon yake.

Sauran alamomin da kunne ake jin su. Moto na gurnani lafiya lau gilashi bai motsa ba: moton ƙalau yake, inji ne ya karye ko gilashin ya saki mariƙinsa. Ƙara kamar ana tauna tsakuwa: wayar ƙarfen ce ta fara warwarewa tana cukurkuɗewa a kan ganga, ɗauke hannunka nan take, kowace dannawa ƙara ɓarna ce. Gilashi na hawa a karkace: mariƙi ɗaya ya karye. Ya faɗa ƙasa gaba ɗaya kuma kana iya jawo shi sama da hannu: waya ta tsinke ko mariƙan duka sun tafi. Masu Golf 4 da Bora sun san wannan ciwon sarai, domin mariƙan roba da aka fara sa musu sun yi suna wajen karyewa, har kamfanin ya koma yin na ƙarfe. Wanda kuwa ke hawa da kyar, yana nishi, sai an taimaka masa da hannu, yawanci ba abin da ya karye. Ƙura ce da bushewa, kuma ina roƙon ka ka gwada wankin robar da zan bayyana a ƙasa kafin ka kwance ko da kusa ɗaya.

Sai gwajin dattijon nan: danne makunni kana buɗe ƙofa kana rufewa. Yi wa ƙofar da gilashinta ya tsaya, ka yi wa ta direba, domin wayoyin duk gilasan suna bi ta cikin robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota, ita ce kuma ƙofar da aka fi buɗewa.

Kwance bangon ƙofa

Tanadi sukundireba mai bakin kuros da mai faɗin baki, sifana ko soket mai lamba 10, filaya, fitilar gwaji ko mita, salatif mai faɗi, tsumma, da ɗan kwano na zuba kusoshi. Motocin Jamus suna son sukundireba mai tsini shida, T20, T25 da T30. Sa safar hannu in kana da ita, bakin ƙarfen cikin ƙofa yana yanka kamar reza.

Kafin komai, duba bangon ƙofar ko an rubuta SRS ko AIRBAG. Wasu Marsandi da BMW na ƙarshen shekarun 1990 suna da jakar iska a cikin ƙofa. In akwai, cire kan batir na baƙar waya, ka jira kamar minti goma, kuma kar ka kusanci soket mai ruwan ɗorawa da fitilar gwaji. Kar kuma ka murɗa makulli alhali soket ɗin jakar yana cire, fitilar gargaɗi za ta kama ta zauna sai an sa kwamfuta. Mai Honda ya tabbatar yana da lambar buɗe rediyonsa kafin ya cire batir.

Kusoshin bangon a ɓoye suke: bayan hannun buɗe ƙofa, cikin ramin da ake jan ƙofa da shi, ƙarƙashin ƙananan murafai, wani lokaci a gefe ko a ƙasa. Ɓamɓaro allon makunnan tukuna ka zare soket ɗinsa. Bayan ka tabbatar ba sauran kusa, naɗe bakin sukundireba da tsumma, ka cusa ta ƙasan bangon kusa da kilif, wato 'yan maƙallan roba da ke riƙe shi, ka ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. In wani waje ya ƙi, kar ka yi masa ƙarfi, akwai kusar da ba ka gani ba. Daga nan ɗaga bangon sama, domin a rataye yake a bakin taga. Kar ka fizge: waya ko sandar hannun ƙofa da soket ɗin fitila suna nan a maƙale a baya. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowanne. Kilif biyu ko uku za su karye ko ya ka yi, sun tsufa, sayo sababbi tun da wuri.

Bayan bangon akwai leda da aka manna da baƙin danƙo. Yawancin masu gyara yage ta suke yi su jefar, kuma wannan na cikin abin da ke ɓata min rai a aikinsu. Ruwan sama yana shiga cikin kowace ƙofa ta bakin gilashi, haka aka ƙera ta, ledar ce ke hana shi jiƙa kwalin bangon da makunni da sifika. Ɓare ta a hankali, kana yanka danƙon da reza, ka naɗe ta gefe.

Gwajin wuta

Mayar da makunnin a soket ɗinsa, ka zare soket ɗin moto. Sa ƙafafun fitilar gwaji biyu a ramukan wayoyi biyu masu kauri, ka danna sama, ka danna ƙasa. Ta kama duka biyun, makunni da waya sun yi nasu, matsalar tana moto. Ta kama gefe ɗaya kawai, galibi makunni ne. Ba ta kama ba sam, koma baya ka bi wayar.

Amma a nan akwai tarko. Wayar da ta karye saura silli ɗaya tana iya kunna ƙaramar fitilar gwaji, mita ma ta nuna maka bolt 12 cif, alhali ba za ta iya ɗaukar nauyin moto ba. Shi ya sa na fi yarda da ƙwan fitilar gaba na mota mai wat 55, a haɗa masa wayoyi biyu. Yana jan wuta kusan yadda moton ke ja. In ya haska tar, layin lafiya. In ya yi ja-ja kamar garwashi, akwai inda wutar ke maƙalewa.

Moton kansa kuma ana gwada shi da wayoyi biyu daga batir kai tsaye, da fis a jikin jar wayar. Taɓa, ya juya. Musanya wayoyin, ya juya ɗaya gefen. Tabbatar hannun kowa ba ya cikin ƙofar lokacin. Wannan gwajin na moto mai waya biyu ne. Wanda soket ɗinsa ke da ramuka da yawa da ɗan akwatin kwamfuta a jikinsa, irin na Golf 4, ba a soka masa wutar batir da ka, sai ka ƙona abin da ya fi moton tsada.

In waya ce ta karye a wuyan ƙofa, zame robar gefe ka jajja wayoyin ɗaya ɗaya. Wadda ta karye a ciki za ka ji tana miƙewa kamar danƙo, ko da rigarta ba ta fashe ba. Kuskuren da ake yi shi ne a murɗe ta a daidai wurin a naɗe da salatif, bayan wata biyu ta sake ɓallewa, domin nan ne take lanƙwasa kullum. Yanke tsawon da ya fi wurin, ka sa sabuwar waya mai kauri ɗaya kuma mai silli da yawa, yadda mahaɗi ɗaya zai faɗa cikin ƙofa, ɗaya cikin jikin mota. Liƙe da dalma, ka rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta. Tunda ka buɗe, duba maƙwabtanta, da wuya a samu guda ɗaya ce kawai ta gaji.

Makunni da moto

Makunnin tsohuwar mota ana iya buɗe shi. Yi aikin a kan faranti ko farin ƙyalle, domin akwai ƙananan sifirin da 'yan ƙarafa masu lilo da ke tsalle su ɓace. Za ka ga bakin ƙarafan ya yi baƙi saboda tartsatsin shekaru. Goge su da samfefa mai laushi har su yi haske, share da tsumma da ɗan sifirit, ka mayar da kowanne yadda ka same shi. Ka sani kuma, a irin wannan wayarin wutar gilashin fasinja tana ratsa makunnin direba da na ƙofar duka biyun, don haka lalacewar ɗaya tana iya kashe ɗayan. In kana shakka, ciro makunnin wata ƙofa mai kama da shi ka gwada a wurin.

Moto ma ba kullum ne sai an sayi wani ba. Yi alama da maka a jikin gwangwaninsa da mazauninsa kafin ka kwance, domin in ka mayar da shi a juye, sama za ta koma ƙasa. Zare amecar, wato dunƙulen naɗaɗɗiyar waya da ke juyawa a tsakiyar moton, a hankali. Gawayi biyu ne ke gogar wani zoben tagulla. In sun cinye har sifirin ya kusa fitowa, masu wayarin suna da irinsu, a goge su daidai girman ramin. Goge zoben da samfefa mai laushi, ka tsefe ramukan da ke tsakanin tagullar da tsinken sakace. Giris ɗin cikin giyar za ka same shi ya daskare kamar tsohon sabulu, kwashe shi ka sa sabo kaɗan. Amma in ka ji warin ƙuna, wayar amecar ta yi baƙi, ko haƙoran giyar roba sun zube, to wannan kam ya gama, nemi wani.

Cire injin gilashi

Nan ne aikin ke son natsuwa. Dole ka kawo gilashin daidai inda kusoshin da suka riƙe shi za su bayyana ta ramukan jikin ƙofa. A motocin Japan galibi kusoshi biyu ne masu lamba 10. A ƙofar gaban Golf 4 akwai murafan roba biyu a jikin farantin ƙarfe, in ka cire su ka sauke gilashin kaɗan za ka ga kusoshin mariƙan. In moto ya mutu gilashi na sama, kuma injin mai waya ne da za a canza, yanke wayar da filaya, wani yana riƙe da gilashin, sai ku sauke shi da hannu.

Sassauta kusoshin, ka tura gilashin sama har ƙarshe, ka ɗaure shi da salatif mai faɗi layi uku ko huɗu, daga ciki ka haye saman ƙofa zuwa waje. Sa takarda a saman ƙofar don kada gam ya ɓata fenti. Kar ka amince da salatif kaɗai in rana ta buɗe, gam ɗin narkewa yake yi. A samu mai riƙewa, ko a tokare da guntun katako daga ciki. Gilashin ƙofa ba ya tsagewa irin na gaba, in bakinsa ya daki ƙarfe tarwatsewa yake yi gaba ɗaya kamar gishiri, garin gyaran gira a rasa ido.

Kafin ka kwance kusoshin injin, zagaye kan kowacce da maka, don ka gane mazauninta. A Marsandi da wasu motocin Turai ba kusoshi ba ne, ribit ne, wato maɗaurin ƙarfe marar zare da ba ya kwancewa, sai an huda kansu da injin huda an fitar. Wajen mayarwa ana iya sa ribit mai kauri ɗaya, ko gajeren kusa da noti mai riƙe kansa, muddin tsawonsa ba zai taɓa gilashi ba. Naɗe injin ka zaro shi ta babban ramin.

Mai almakashi yana da haɗarin da ba kowa ya sani ba. Akwai murɗaɗɗen sifirin mai ƙarfi a jikinsa da ke taimaka wa moto ɗaga nauyin gilashi, kuma moton ne kaɗai ke riƙe da shi. Ka kwance moto ba tare da ka kulle giyar ba, hannun ƙarfen zai ƙwace da ƙarfin da zai iya datse yatsa. Nemi rami a jikin babbar giyar da ya yi daidai da na farantin, ka zura kusa ka ɗaure da noti, ko ka damƙe su tare da filaya mai kulle, sannan ka taɓa moton. Bayan haka aikinsa sauƙi ne: wanke tsohon giris da kananzir da tsohon buroshin haƙori, duba 'yan tayoyin roba da ke gudu cikin kwararon ƙarfe ko sun fashe, ka shafa farin giris a haƙoran giya, mahaɗar almakashin da cikin kwararon.

Mai waya kuwa, in wayar ta warware ko tayar roba ta fashe, shawarata a canza injin gaba ɗaya, a mayar da tsohon moto a kai in lafiyarsa lau. Na ga masu saƙa masa wayar kulocin babur, kuma a hannun gwani yakan yi aiki. Sai dai in tsawon ya kuskure ko kaɗan, ko dai ta yi sako-sako ta sauka daga ganga, ko ta yi tsauri ta fasa tayar da ta rage. In ba a samun na motarka, to babu laifi. Wajen cire moto daga irin wannan injin, danne gangar da yatsa ko ka ɗaure murfinta, domin in ta biyo moton ta fito, wayar za ta warware, mayar da ita kuma aikin yini ne.

In za ka kasuwa, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, tafi da tsohon a hannunka. Na hagu daban da na dama, na gaba daban da na baya, mota mai ƙofa biyu daban da mai huɗu, kuma ƙirar Amurka da ta Turai sukan bambanta a soket ko da sunan motar ɗaya ne. Ƙirga ramukan soket ɗin. A sa wa moton batir a gabanka ya juya gefe biyu. In na Beljiyam ne mai waya, bi wayar da tsumma daga farko zuwa ƙarshe, in tsumman ya maƙale a wani wuri, silli ya fara tashi, ajiye musu kayansu. Ni a mai almakashi na fi son tsohon na asali a kan sabo mai araha. A mai waya kuwa tsohon ma robarsa ta yi shekarun da taka ta yi, don haka sabo mai kyau ya fi kwanciyar hankali.

Mayarwa

Ɗaura injin a kan alamomin da ka yi, amma kar ka ƙulle kusoshin tukuna. Sauke gilashin cikin mariƙansa, ka tabbatar gefunansa biyu suna cikin robar kwararo, ka ɗan kama kusoshin. Haɗa makunni, ka hau da shi a hankali har ya shige robar sama ya daidaita kansa, sannan ka sauke shi zuwa ramukan ka ƙulle. Kusar da ta matse gilashi ba a yi mata ƙarfin kusar taya, ta kama kawai ya isa. Gwada sau biyar ko shida kafin ka rufe. Leƙa ƙasan ƙofar ka kwashe ƙasa da fasassun robobi, ka zura waya ka buɗe ramukan fitar ruwa da ke gindinta. Manna ledar, ka mayar da bango.

In motar tana da hawa da dannawa ɗaya kuma ya daina bayan an cire batir, mantuwa ce ta yi. A yawancinsu sai ka sauke gilashin har ƙasa ka ci gaba da dannewa daƙiƙa biyu zuwa biyar, ka hau da shi har sama ka sake riƙewa haka. In irin mai komawa baya ne idan ya ci karo da abu, gwada shi da naɗaɗɗen tawul, ba da hannu ba. Tsofaffin da yawa ba su da wannan kariyar sam, shi ya sa maɓallin kulle ya kamata ya zauna a danne duk lokacin da yara ke baya.

Wankin roba da sauran kulawa

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne arha, shi ne kuma aka fi watsarwa. Kwararon robar da gilashi ke bi yana da laushi kamar karan-miski a cikinsa. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu tana cika shi, rana ta busar da shi, sai gilashin ya riƙa tafiya kamar ana jan buhu a kan yashi. Moto ya ƙara ja, makunni ya ƙara tartsatsi, wayar ƙarfe ta ƙara miƙewa, mariƙin roba ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Kusan duk karyewar da na lissafa a sama daga nan take farawa.

Sauke gilashin har ƙasa. Da buroshin haƙori da ruwan sabulu, wanke cikin kwararon gefe biyu da sama, ka bi da tsumma a bakin siririn katako har ya daina fitowa da ja. Bari ya bushe, ka fesa feshin silikon, ka hau ka sauka sau uku, ka goge abin da ya taɓa gilashi. Kar ka sa baƙin mai, ko giris, ko man birki: biyun farko suna kumbura roba su kama ƙura su zama taɓo, na ukun kuma yana cin fenti. WD-40 na kwance kusa mai tsatsa ne, ba na wannan wurin ba. In ba ka samu silikon ba, wankin kaɗai ma za ka ga bambanci. Ina yin wannan sau biyu a shekara, da shigowar hunturu da kuma kafin ruwan farko. Goge robar bakin taga ta waje ma, yashin da ke maƙalewa a nan ne ke zana wa gilashi dogayen layukan nan daga sama zuwa ƙasa.

Gilasan baya da ba a taɓawa su ne suka fi saurin sandarewa, don haka a motsa su ko sau ɗaya a mako. Gilashi ya kai ƙarshe, ɗauke yatsa. A riƙa amfani da su injin mota na kunne, domin batir mai rauni yana sa moto ya yi ta fama yana ɗaukar zafi. Kar a buga ƙofa da ƙarfi gilashi na rabi, lokacin ba abin da ke riƙe da samansa, duk girgizar a kan mariƙan take sauka. In ka kai wanki, ce wa yaron kada ya saita bakin tiyo mai ƙarfi a bakin taga. Ledar fiya wata da ake ajiyewa a ramin hannun ƙofar direba kuma a canza mata wuri, ɗigonta kai tsaye cikin makunnin yake gangarawa.